Sanadin Halliru Direba

Mu na Allah ne, kuma komai daɗewa wurinsa za mu tattara. Ranar Lahadi, 12 ga Zulhajji 1446, daidai da 8 ga Yuni 2025, ana tsakiyar hidimar Babbar Salla, Allah ya karɓi ran Halliru Namadi, wanda duk mai hawa motar Bukkuyum zuwa Gummi da Sakkwato ya sani da Halliru Direba. A Sakkwato ya cika, da safiyar Litinin muka dawo da shi gida aka yi masa sutura. Ya bar mahaifiyarsa Inna Tabawa, da matarsa Saratu da 'ya'yansu, da ƙanwarsa Rukayya da ke aure a Adabka.

Halliru, an yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, ban rubuta komai a kanka ba, har wasu suka fara cewa ko Malam Abdulmajid ya manta da amininsa. Ban manta ba. Haushi ne ya tokare ni. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba gari ya gama yanke hukunci cewa aikin da aka yi maka a Kano shi ya kashe ka. A tasha haka ake faɗa, a teburin mai shayi haka, har wani mai tallar magani ran kasuwa ya kafa misali da kai a lasifika. Da maganar ta tsaya a baki da ban damu ba, bakin mutanen garinmu ba yau ya fara ba. Amma ta tafi har Adabka ta tare wa Rukayya hanya. Ciwonku ɗaya, nata ma ya fi naka tsanani. Kai ka kai ta aka gwada ta, aka sa mata ranar aiki bayan Salla, sai mijinta Sabi'u ya ce ba inda za ta. Ni kuwa na san ba aikin ba ne, kuma kai ka ɗaure min baki.

Bari in fara da abin da ya fi daɗin faɗa. Unguwa ɗaya muka tashi, wurin malami ɗaya muka yi allo. Ni na bi boko na ƙare a aji da alli a hannu, kai ka bi mota tun kana wankinta har ka mallaki taka bas. Dokar motarka kowa ya san ta, kujerar gaba ta mara lafiya ce. Ina ciki ranar da ka sauko da wani mai muƙami daga gaba, da babbar rigarsa da komai, saboda wata Bafulatana da ta zo da yaro zazzaɓi ya sanƙarar da shi. Ya ce ko ka san ko shi wane ne. Ka ce ka sani sarai, kuma ka ga yana da ƙafafun da za su zagaya da shi baya. Bai ƙara hawa motarka ba, kai kuma ba ka rame ba.

Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa yaran Sunke da ƙauyukan da ke kusa, ka ajiye lodin Sakkwato ka koma jigilar uwaye da 'ya'yansu zuwa Anka. Wasu direbobi na tsoron kada ƙurar ta manne wa kujerunsu. Kai ka sayi tabarmi ka shimfiɗa, kullum ka wanke motar da hannunka. Har bara akwai wani matashi da ke kawo maka zabi duk kaka, ya ce uwarsa ta gaya masa a motarka aka kai shi yana sume.

Ban ce ba ka da naka halin ba. Taurin kai kam Allah ya ba ka, ga tsokana. Ko a gaban ɗalibaina ka gan ni sai ka danna hon ka ƙwala min kira, "Mai alli!" Na yi fushi har na gaji na fara amsawa.

Ciwon nan ya daɗe yana cin ka muna kallo. Mu a nan duk abin da ya yi zafi tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Mai kemis ya ce olsa, ya ba ka farin ruwa a kwalba. Mai ganye ya ce olsa ce ta haɗu da dattin ciki, ya ba ka jiƙo. Kai kuma ka riƙe abin da ka tashi ka tarar, ƙullin jar kanwa a aljihun mota. In ƙwannafi ya taso sai ka gutsura ka jiƙa a gora, ka sha, ka yi gyatsar da har 'yan kujerar baya sai sun yi dariya, ka yi hamdala a ci gaba da tafiya.

A hankali abin ya wuce ƙwannafi. Ruwa mai tsami ya riƙa tasowa har hanci, muryarka ta dushe, tari ya zauna maka, ka daina kwanciya sai a jingine da buhun gero. Wanda ya fi ci maka rai shi ne salla. Da ka kai goshi ƙasa sai abin ya kwararo bakinka. Malamai suka ce ka yi a zaune kana nuni, ka koma gefen sahu kan kujera cikin tsofaffi, kai da ko furfura ba ka gama yi ba. Ka taɓa ce min, ba alamar wasa a fuskarka, ba abin da kake roƙon Allah irin ya sake ba ka sujada kafin ka mutu.

Wani fasinja ne, ma'aikacin jinya, ya ji tarinka tun daga Gummi har Sakkwato ya ce wannan ba olsa ba ce, ka je a zura maka na'ura a duba. Daga nan aka tura ka Kano. Suka ce ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi ce ta saki, har wani sashe na tumbin ya turo sama, shi ya sa abin da ya shiga yake dawowa. Aka ɗora ka a kan ƙwayoyi, suka riƙe ka na ɗan lokaci suka sake. Sai aka ce aiki. Za a janyo tumbin a mayar da shi mazauninsa, a naɗe samansa a bakin ƙofar a ɗinke, kamar yadda ake tsuke bakin buhu. Mutane suka yi ta zuga ka kada ka yarda, taurin kan nan naka ya yi rana, ka yarda. A watan Sha'aban aka yi, ba a ma tsaga cikin ba, 'yan ƙananan huji ne.

Ina so duk mai karanta wannan ya ji da kyau: aikin ya yi. Ni shaida ne, masallacin unguwarmu shaida ne. Ranar da ka fara komawa cikin sahu, a sallar azahar, liman ya ɗago daga sujada, sahu ya ɗago, kai kana ƙasa. Sai da na ɗan taɓa ka da gwiwar hannu. Da aka sallame na ga inda fuskarka ta taɓa a jiƙe, ka ce min mura ce.

Ka koma kwanciya a miƙe kamar kowa, murya ta dawo, tarin ya tafi, ƙullin kanwa ka ba makiyaya don ba ka da abin yi da shi. Abu biyu aikin ya bar maka, kuma an faɗa maka su tun kafin a yi. Ba za ka iya cin abinci da yawa lokaci ɗaya ba, sannan gyatsa da amai za su yi maka wuya, domin ƙofar da aka tsuke don kada tsami ya hau, iskar ma ba ta barin ta ta hau. Suka ce ka guji lemon kwalba da duk abin sha mai tashi. Ka kiyaye fiye da yadda aka ce. A wurin suna ko ɗaurin aure in an miƙo maka lemo sai ka ce motarka ta daina shan wannan man.

To ga inda nake jin kamar in fasa ihu. Ba wanda ya ambaci kanwa. An tambaye ka wane magani kake sha, ka lissafa ƙwayoyi da farin ruwan kemis. Ba ka ce kanwa ba, domin a wurinmu ba a sa ta cikin magunguna. Kayan miya ce, abin lasar shanu ce, tana kowane gida kusa da gishiri. Su kuma da suka shekara suna duba Hausawa masu ƙwannafi, ba wanda ya yi tunanin ya ce, Malam, kana shan kanwa? Sun yi aikin da ya fi wuya sun gama lafiya, tambayar da ko minti ba za ta ci ba ita aka tsallake.

Kai ne ɗan farin Inna, ga ta da jinin Fulani ta wajen uwa. Ba ta zama hira da kai, ba ta kiran sunanka, in za ta yi maganarka da ni sai ta ce "abokinka". Duk son da take maka a kwano take zuba shi. Ta ajiye maka a ƙofar ɗakinta ka zauna ka ci, ita tana ciki tana saurare. In ta ji gyatsa ta san ɗanta ya ƙoshi. Bayan aikin sai ta daina ji. Ta kira ni ta ce, "Abdu, abokinka ba shi ƙoshi. Mi anka yi mai can Kano?" Na yi mata bayani iya iyawata, ta gyaɗa kai, amma na ga bai zauna mata ba.

Ran Asabar, washegarin Salla, ta dafa maka kayan ciki da kan ragonta, da tuwon shinkafa, ta ce ba ta son ganin saura. Kai da ba ka taɓa mayar mata da kwano da abinci ba, ka zauna ka tashi da shi. Bayan azahar ciki ya ɗaure tamau, kana ta kai da kawo a tsakar gida kana neman gyatsa ta ƙi zuwa. Inna ta yi abin da kowace uwa a ƙasar nan za ta yi, abin da take yi maka tun kana yaro. Ta jiƙa jar kanwa mai kauri a moɗa ta turo bakin ƙofa, ka ɗauka ka shanye. Saratu ta ce ko moɗar ba ka ajiye ba ka dafe ciki ka durƙushe.

Aka kira ni. Direbobi duk sun ajiye mota suna Salla, da ƙyar aka samo Mas'ud abokin aikinka ya ja taka bas ɗin, muka kwantar da kai a kujerar gaba. A Gummi aka sa maka ruwa aka ce wannan sai Sakkwato. Rana ta riga ta faɗi, kuma kowa ya san ba a bin hanyar nan a irin wannan lokaci a zamanin nan. Haka muka kwana muna kallon ka, ga mota ga mai ga direba. Gari na wayewa muka kama hanya. Mun yi nisa ka laluba ka kama hannuna.

"Mai alli," ka ce, "kanwag ga ta. Ina haɗe ta nij ji wani abu ya tsage. Amana, kada Inna ta ji."

Na ce ka yi shiru ka bar wannan zance. Ka ce sai na yi alkawari. Na yi.

Likitan da ya shiga da kai a Sakkwato ya fito ya ce tumbin ne ya fashe, kuma abin da ke ciki ya daɗe da watsuwa. Na tambaye shi ko ɗinkin Kano ne ya warware. Ya ce ɗinkin na nan daram. Ya tambayi me ka sha, na faɗa masa, ya riƙe kai. Ya ce kanwa in ta haɗu da tsamin ciki iska take tayarwa nan take, mai yawa. Ga sauran mutane sai ta fita da gyatsa, shi ya sa ake jin daɗinta. Kai kuwa ciki a cike, ƙofa a tsuke, ba ta da inda za ta bi. Ba ka farfaɗo ba, bayan la'asar ka cika.

Na san ajali ne, ba sai an tuna min ba, ni ma na yi karatun. Amma ajali da sanadi yake zuwa, mu kuwa abu biyu muka iya. Ko mu ce kwana ya ƙare mu rufe zancen, ko mu laƙa wa abin da ba mu gane ba. Mutanen da suka yi watanni suna ganin ka a tsakiyar sahu, su ne suka koma suna cewa ai dama tun da aka taɓa cikin nan ba ka sake lafiya ba. Wallahi ƙarya ne, kuma sun san ƙarya ne. Saratu ta ga komai da idonta, amma tana cikin takaba, sannan wace suruka ce za ta nuna uwar mijinta da yatsa?

Na hau babur na je Adabka. Na tarar da Rukayya a jingine da bango, ta zube, tana magana tana tari. Ta ce ko ruwa ta sha ta kishingiɗa sai ya biyo ta hanci, kuma bana kaɗai an kwantar da ita da ciwon huhu ba sau ɗaya ba. Na ja Sabi'u gefe na ce masa likita ya ce ba aikin ba ne.

"To mi na, Malam?" ya ce. "Hwaɗa min."

Na buɗe baki sai na tuna alkawarina, in surukin Inna ya ji, Inna ta ji.

"Ka gani?" ya ce. "Ni ba ni kai matata inda anka kai wanta."

Ban ga laifinsa ba, tsoron rasa matarsa yake. Laifinka na gani, Halliru, Allah ya gafarta maka. Duk tsawon hanyar dawowa faɗa nake yi da kai a kan babur, har wani mai jaki ya tsaya yana kallona. Ka kare uwarka ka manta da ƙanwarka, ni kuma ka bar ni a tsakiya ina haɗiye magana.

Ranar Juma'ar da ta wuce Inna ta aika a kira ni, ta aika a kira Sabi'u da Rukayya da kawunka Auwalu. Muka zauna a ƙofar ɗakinta. Ta ce shekaranjiya tana miyar sure, wato yakuwa, ta jefa kanwa kamar yadda ta saba, sai ta ga kumfa ya taso har ya ture murfin tukunya.

"Tun ina yarinya ni ka ganin haka," ta ce, "ban taɓa tsayawa in duba ba. Shekaranjiya nit tsaya." Ta juyo gare ni. "Abdu, kai ka ga likita. Cikin da anka ɗamre ma baki, in wagga kumhwa ta taso, ina za ta bi?"

Na sunkuyar da kai. Tsohuwa kuwa ba ta buƙatar fiye da haka.

"Ya sani?"

Na ce ya sani.

"Mi yac ce?"

"Ya ce kada ki ji, Inna."

Rukayya ta fashe da kuka, Inna ta tsawata mata. Sannan ta juya ta dubi Sabi'u, surukin da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

"Ba wuƙal likita ta ba, hannuna na. Na rasa guda ban sani ba, ba ni rasa ta biyu ina sane. Ka kai ta."

Sabi'u ya ce to.

Ya kamata in ji sanyi, ban ji ba. Tsohuwa mai neman tamanin ta ɗauki kayan da ba nata ba ta aza a kai, za ta kai shi har kabari, don kawai ba a gaya wa ɗanta abu ɗaya ba. Ba ta yi komai ba sai abin da uwarta ta koya mata. Ku likitoci, don Allah, in kun gyara mu ku tambaye mu da sunan abin da ke gidajenmu. Kada ku ce magani, ku ce kanwa, ku ce toka, ku ce jiƙo, ku ce tsimi. Ku kuma masu yanke hukunci a tasha, ku ji tsoron Allah, da kun kusa sa a binne mace da bakinku.

An sake sa wa Rukayya rana, ni zan raka su. Ban ce aikin ba shi da haɗari ba. An gaya mana wasu haɗiya kan yi musu wuya na ɗan lokaci, wasu ciwon kan dawo bayan shekaru, ba kuma kowane mai ƙwannafi ne ake yi wa ba sai wanda magani ya gaza a kansa. Amma na ga abin da ya yi maka, kuma ina ganin abin da rashinsa ke yi mata. Na yi niyya ba za mu tashi daga gaban likitan ba sai an bi kayan madafa ɗaya bayan ɗaya, ko da za a ce ɗan ƙauye ya zo da fitina.

Allah ya jiƙanka, Halliru, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka ya yalwata shi. Allah ya karɓi sujadar da ka yi a watannin nan, ya rubuta maka ladan waɗanda ka yi a zaune kana marmarin ƙasa. Yaran da ka ɗauka zuwa Anka da marasa lafiyan da ka zaunar a gaba, Allah ya sa su zama hujja a gare ka ranar da ba mai ɗaukar wani. Ina yi wa Saratu da yara ta'aziyya, da Kawu Auwalu, da Rukayya da Sabi'u, da Mas'ud da dukkan direbobin tashar Bukkuyum. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba Rukayya lafiya ya fito da ita daga hannun likita da ƙafafunta. Inna kuwa, ya Allah, Kai ka san abin da ke zuciyarta lokacin da ta jiƙa, ka sauƙaƙa mata abin da ta ɗauka.

Saura saƙo ɗaya. Da zan fita ran nan Inna ta kira ni daga cikin ɗaki, ta ce su mata ba su zuwa maƙabarta, in na je ziyara in faɗa maka. Na je jiya, na tsaya a kanka, baki ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na zauna na rubuta. Cewa ta yi:

"Ka ce ma abokinka na ji. Ni na yahe mai ɓoyon da yay yi min, shi ma shi yahe min. Ƙanwatai za ta tahi Kano a yi mata aiki, shi kwanta."

Na isar, Halliru.